Waiwaye adon tafiya: zaman labarin rayuwa don tsofaffin Falanko

Falanko ƙaramar hukumar karkara ce cikin gundumar Tanut, a jahar Damagaram. Tana cikin ƙasar da aka sani tun kaka da kakanni da sunan Damargu, wadda ta rabu gunduma biyu, Tanut da Belbeji, tun gyaran fasalin mulki na shekarar 2011. Ƙasa ce ta hatsi da dabbobi, inda Hausawa da Dagirawa da Buzaye da Fulani suke shan ruwan rijiya guda, suke cin kasuwa guda. A nan ba a san gidan ajiye tsofaffi ba. Tsoho yana ƙare kwanakinsa cikin gidan da ya gina, tsohuwa kuma a ɗakinta, kusa da surukai da jikoki. Wannan abin yabo ne. Amma samun tuwo da wurin kwana bai isa a ce an biya wa tsoho dukan haƙƙinsa ba, domin akwai wata yunwar da hatsi ba ya kashe ta, wato rashin mai saurare.

Da an kai amfanin gona rumbu, samari da magidanta da yawa sukan tafi bida, wasu Damagaram da Kano, wasu Agadas da Arlit, wasu har Libiya da Aljeriya. Matan gida suna can bakin rijiya ko wajen itace tun safe. Yaran da a da suke kewaye kaka da dare don gatana, yanzu sun fi kewaye wanda ke riƙe da wayar salula. Ta haka mutumin da ya ga abin da babu wanda ya gani a garin yakan wuni gindin bango, a gaishe shi da ladabi, a wuce.

Abin da ƙasashen waje suka gano

A ƙasashen Turai da Amurka, inda ake tara gajiyayyu cikin gidaje na musamman, likitoci sun daɗe suna ɗaukar yawan maganar da a bakin tsoho alamar ruɗewa. A shekarar 1963 wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Robert Butler, ya rubuta cewa wannan fahimta kuskure ce. A ganinsa, mutum in ya ga ƙarshen tafiya ya matso, yakan koma ya bi rayuwarsa daki-daki, ya auna abin da ya yi daidai da wanda ya ɓata, ya nemi sulhu da kansa da kuma mutanensa. Don haka ya ce aikin mai jinya ne ya ba tsoho kunne, ya daina katse shi.

Cikin shekarun 1970 wani malamin jami'a a Kalifoniya, James Birren, ya mayar da wannan tunani tsari. Akan tara mutane biyar ko shida, su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako har wajen mako 10. Kowane mako da kan maganarsa: iyali, aiki, kuɗi, lafiya, mutuwa, da mararrabar da ta sauya wa mutum hanya. Kowa yakan rubuto shafi biyu daga gida, ya karanta wa sauran, su saurara ba tare da yanke masa hukunci ba. A birnin Landan kuma, wata ƙungiya mai suna Age Exchange, wadda aka kafa a 1983, ta shahara da kai akwatunan tsofaffin kaya cikin gidajen gajiyayyu, kamar tufafi da hotuna da kayan girki na zamanin da, domin abin da hannu ya taɓa ko hanci ya shaƙa yakan buɗe bakin da tambaya ta kasa buɗewa.

Ya kamata a faɗi iyakar amfanin abin, kada a zarce. A 2018 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara bincike 22 da aka yi kan masu cutar mantuwa ta tsufa. Ta samu cewa irin wannan zama ba ya warkar da cutar, kuma amfaninsa kaɗan ne, amma akwai shi: jin daɗin rayuwa yakan ɗan ƙaru, musamman ga mazauna gidajen gajiyayyu, magana da mutane takan ɗan sauƙaƙa. Magani ne marar tsada, ba ya son allura ko wutar lantarki, sai tabarma da haƙuri.

A ƙasar Hausa gidajen gajiyayyu ƙalilan ne, kamar na unguwar Shahuci a birnin Kano, kuma galibi waɗanda ba su da kowa ne ke zama cikinsu. Saboda haka a wuri kamar Falanko gindin bishiya da zauren mai gari da ajin yaƙi da jahilci su ne za su tsaya a madadin ɗakin taron da Turawa ke amfani da shi.

Hausawa sun riga sun gwada

Ba da labarin rayuwa a rubuta shi ba baƙon abu ba ne ga mutanen wannan yanki. Ɗaya daga cikin labaran rayuwa mafi daɗewa da aka rubuta da Hausar boko na wani ɗan ƙasar Damagaram ne, Dorugu. An kama shi yana yaro, aka sayar da shi bawa a Barno, Bature Overweg ya ƴanta shi, sannan ya bi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, har Tumbutu, daga nan zuwa Ingila a 1855. Can ya zauna da wani malamin mishan, Schön, ya ba shi labarinsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya rasu a Kano a 1912, amma har yau ana karanta yadda wani yaro na karkarar Damagaram ya ga yunwa da hari da bauta da idonsa.

Na biyu labarin wata tsohuwa ce, Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da Mary Smith tana ba ta labarin aurenta da kishiyoyinta da ƙawayenta, da rinjin bayi, da zuwan Turawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da an jinkirta shekara biyu kacal, da duk wannan ya bi ta kabari. Baba ba ta yi sarauta ba, ba ta yi karatun boko ba, amma masu nazarin zaman Hausawa a duniya ba su da shaida kan rayuwar mata ta wancan zamani da ta fi tata.

Jamhuriyar Nijar ma tana da gado cikin wannan aiki. Tun 1962 ƙungiyar kulob-kulob na radiyo ta riƙa aika wakilai ƙauyuka da rakoda suna ɗauko muryar talakawa. A 1968 aka buɗe a Yamai cibiyar tattara tarihin baka, wadda ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974 da sunan CELHTO. Bubu Hama, wanda ya tsaya wa wannan aiki tsayin daka, shi kansa ya rubuta labarin rayuwarsa cikin littafin Kotia-Nima. André Salifou ya fitar da tarihin daular Damagaram a 1971, Stephen Baier kuma ya fitar da tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar a 1980, dukansu sun dogara ƙwarai da abin da tsofaffi suka faɗa musu. Sai dai a wancan lokaci an fi neman labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da manyan fatake. Manomi da makiyayi da mai dakau ba safai aka tambaye su yadda tasu rayuwar ta kasance ba.

Abin da Damargu ta gani

Ƙasar Damargu ba ta rasa abin faɗa ba. A ƙarni na 19 ita ce rumbun Abzin: ayarin raƙuma kan sauko da gishirin Balma da dabino, su koma da hatsi. Hanyar fatake daga Kano zuwa Tarabulus ta nan ta ratsa, ana fitar da fatu da gashin jimina. A Tagalal ta Damargu ne Barth da abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, suka rabu cikin watan Janairu na 1851, kowa ya kama hanyarsa. Rundunar Faransawa ta Foureau da Lamy ta ratsa ƙasar a 1899 kan hanyarta daga Agadas zuwa Damagaram. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya durƙushe. Yunwar Kakalaba ta biyo baya a 1913 da 1914, sannan yaƙin Kawusan a 1916 da 1917, wanda ya tarwatsa Abzinawa da yawa zuwa kudu.

Waɗanda suka ga waɗannan da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, sai abin da suka bar wa ƴaƴansu a baka. Yanzu layi ya zo kan na bayansu. Wanda yake da shekara 10 lokacin da aka soke aikin tilas a 1946, yau ya doshi 90. Wanda ya yi wayo ranar samun mulkin kai, 3 ga Agusta 1960, ya haura 70. Haka ma magidantan da suka riƙe iyali cikin farin 1973 da 1974, suka ga garke ya ƙare, suka sake gani a 1984, shekarar da mutane da yawa ke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya. Su ne suka san wane ganye aka ci, wace rijiya ce ba ta ƙafe ba, wa ya ba wa rance ba da ruwa ba, wane gari ne ya watse, ina mutanensa suka nufa. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 60 kuma ba su kai 5 cikin 100 ba, masu wannan sani ƴan kaɗan ne, kuma kowace damina ana raguwa.

Wannan magana ta shafi ma'aikatan hukuma kai tsaye. Dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin gona na gargajiya, ta kuma tanadi hukumomin kula da filaye da aka fi sani da Kofo. In rigima ta tashi kan iyakar gona, ko burtali, ko wanda ya haƙa rijiya, sau da yawa babu takarda, sai shaidar dattawa. A ƙasa irin Damargu, inda gonaki suka yi ta hawa arewa cikin makiyaya, rasuwar tsoho guda na iya barin gari biyu cikin gardamar da ba mai raba ta.

Yadda za a tsara zaman

Tsarin da Birren ya yi na masu iya rubutu ne. Yawancin tsofaffin karkara ba su yi boko ba, ko da yake akwai masu ajami da masu tifinar. A nan ne waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci za su shigo. Tun 1963 Nijar ke koyar da manya karatu da harsunan gida, kuma kowane malamin aji ya san cewa wanda ya koyi rubutu bai sami abin rubutawa ba, cikin ƴan shekaru hannunsa yakan mutu. Ga tsoho mai labari ba alƙalami, ga mai alƙalami ba labari. Haɗa su shi ne dukan dabarar.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi, da rani, sa'ad da aikin gona ya kwanta, da hantsi ko bayan la'asar. Kada mahalarta su wuce shida ko bakwai, don kowa ya sami rabonsa na magana, kuma kada zama ya wuce awa ɗaya da rabi, domin tsoho yana gajiya. Maza daban, mata daban, kowane rukuni da marubucinsa, na mata ya zama mace, saboda akwai abin da tsohuwa ba za ta faɗa gaban suruki ba ko da za a kwana ana tambaya. Kowa ya yi magana da harshen da ya tashi da shi, Hausa ko Barbarci ko Buzanci ko Fulatanci. A zaunar da mai nauyin ji kusa da mai magana, a nemi inuwa da ruwan sha da goro.

A ba kowane mako kan maganarsa. Makon farko, garin haihuwa da yadda iyaye suka zo nan. Na biyu, wasannin ƙuruciya da makarantar allo. Sannan noma da kiwo da sana'a, aure da haihuwa, rijiya da shekarun fari, tafiye-tafiye da kasuwanni, haraji da mulki. Mako na ƙarshe a tambayi kowa abin da yake so jikokinsa su sani. Kada a fara da yunwa ko mutuwa. A bari sai an saba, amana ta shiga.

Maimakon akwatin Turawa, a kawo abin da ke cikin gari: mazari da abawa, tsohon faifai, wasaki da igiya, akalar raƙumi, kantun gishiri, tiyar awo, tsohuwar dala, takardar haraji ta zamanin da. A aje abu ɗaya tsakiyar tabarma, a bar shi ya zaga hannu-hannu. Tsohuwar da aka ce ta daina magana, in ta riƙe mazari, yatsunta sukan tuna kaɗi, daga nan bakinta ya bi.

Marubuci ya rubuta yadda aka faɗa, kada ya gyara wa tsoho Hausarsa, kada ya mayar da ita ta radiyo. In akwai waya mai ɗaukar murya, a ɗauka, amma da izini. A farkon zama na gaba ya karanta abin da ya rubuta, mai labari ya ce a ƙara nan, a cire can. Tsofaffi ba sa lissafi da shekarun Nasara, sai su ce shekarar fara, ko shekarar da aka naɗa sarki wane, ko shekarar da aka haƙa rijiyar siminti. A rubuta haka, daga baya a nemi wanda zai daidaita da kalanda. In biyu sun saɓa kan abu guda, a rubuta duka biyun da sunan kowa, domin marubuci ba alƙali ba ne.

Inda ake taka tsantsan

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ba kowane abu ne tsoho zai so ya fito da shi ba, kuma ba a tilasta masa. Akwai uwar da ta binne ƴaƴa cikin shekarar ƙyanda, akwai magidancin da ya gudu ya bar iyali cikin yunwa, yana jin kunyar abin har yau. In hawaye suka zo, a yi shiru, a bar mutum ya huce, kada a yi masa gaggawa, kada kuma a tashi taro a bar shi shi kaɗai da abin da aka tono. In aka ga baƙin ciki ya zarce kwanaki, ya hana ci da barci, a sanar da iyali da ma'aikacin likita.

Maganar asali ita ce ta fi kowace haɗari. A ƙasar da aka yi bauta, ambaton wane kakansa bawan wane ne na iya ɓata aure ko tada gaba tsakanin zuriya biyu. Tun ranar farko a yi sharaɗi: kowa labarin kansa zai ba da, abin da aka faɗa kan tabarma ba ya zuwa kasuwa, kuma ba a karanta wa jama'a ko a kai gidan radiyo sai abin da mai shi ya yarda. Haka kuma kada a bari zaman ya zama wurin kafa hujjar ƙwace gona. In labarin iyaka ya fito, hanyarsa ita ce ta mai gari da Kofo, gaban dukan waɗanda abin ya shafa.

Akwai kuma tsofaffin da mantuwa ta kama, masu maimaita magana, masu kiran matattu kamar suna raye. A wasu wurare akan yi musu dariya, wani lokaci har a jefi tsohuwa da maita. Wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa mai ita yakan manta abin da ya ci da safe alhali yana tuna sunan raƙumin ubansa. Irin waɗannan a sa su cikin zaman, kada a tsananta musu da tambayar yaushe ko nawa, kada a ƙaryata su gaban mutane.

Abin da ya rage ga mahukunta

Kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba: littattafan rubutu, alƙaluma, tabarmi, da ɗan abin hasafi ga marubuta. Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne a sami mai ɗaukar nauyi. Shugabannin ƙaramar hukuma da sarakunan gargajiya su ne za su kira taron farko, domin tsoho ba ya amsa kiran yaro. Jami'an yaƙi da jahilci na gunduma su zaɓi marubuta, su ba su horo na ƴan kwanaki kan saurare da riƙon amana. Kowane labari a yi shi kofi uku: ɗaya ga mai shi da iyalinsa, ɗaya a ofishin ƙaramar hukuma, ɗaya a aika Jami'ar Damagaram ko cibiyoyin Yamai, inda gara da ruwan sama ba za su ci shi ba. Malaman makarantun firamare su ɗauki abin da aka yarda a karanta, su sa yara su karanta tarihin garinsu da harshensu. Gidajen radiyon karkara ma za su sami shiri wanda ba a saye shi daga ko'ina ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 1 ga Oktoba ta kowace shekara don tsofaffi tun 1990, Tarayyar Afirka kuma ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙinsu a 2016. A garuruwa da dama bikin ranar yakan tsaya ga jawabi da rabon buhun shinkafa. Ranar tana faɗowa daidai lokacin girbi a Damargu, wato makonni kaɗan kafin hannu ya huta. Ƙaramar hukumar da ta tsayar da rukunoninta da marubutanta a wannan rana, kafin ruwan farko ya sauka za ta iya samun labarin mutum 12 ko fiye a rubuce, da sunayensu da na garuruwansu. Da tsohuwar zuma ake magani, in an adana ta tun ba ta zube ba.